Me Ya Sa Aski Ba Ya Zafi Sai Ya Zo Gaban Goshi?

Ranar suna a Damagaram, tun ba a gama rabon goro ba wanzami ya buɗe zabira. A miƙo jariri ɗan kwana bakwai, ya jiƙa masa kai da ruwa da sabulu, ya bi shi da aska har ya yi tas. Wani jaririn ko farkawa ba ya yi. Wanda ya yi kuka ma, galibi sanyin ruwan ne ya dame shi, ko riƙon da aka yi masa. Amma uban yaron, ƙato mai gemu, ƙarangiya ɗaya ta shige masa tsakanin yatsun ƙafa a hanyar gona, sai ka ga ya daka tsalle. Haka mai yankan farce da ke zagaya Kasuwar Dole yana kaɗa almakashi: ya yanke wa ɗan kasuwa farata ashirin, shi kuwa yana ta ciniki, bai ko dubi hannunsa ba.

In ka tambayi dalili, amsar da za ka fi ji ita ce, "Ai babu jini a ciki." Gaskiya ne babu jini, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Tantanin nan garai-garai da ke gaban baƙin ido babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, amma ƙwayar rairayi guda ta faɗa masa da hunturu, ba ka da sakat. Mai kuturta kuma, ko wanda ciwon suga ya daɗe a jikinsa, yana iya taka ƙusa jini na zuba bai sani ba, sai wani ya nuna masa sawunsa a ƙasa. Ga wuri babu jini yana zafi, ga wuri cike da jini ba ya zafi. Ashe ba jini ne ke ji ba.

Harshenmu ma ya taimaka wajen rikita zancen. Kalma ɗaya, jijiya, muka ɗora wa abubuwa uku: hanyar da jini ke bi, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi irin ta agara, da fararen zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Ta ukun ce ke da ruwa da tsaki a nan, za mu kira ta jijiyar ji.

Jijiyar ji tana rarrabuwa kamar saiwar gero, har ta ƙare da wasu 'yan bakuna tsirara da ke baje cikin fata. Waɗanda aikinsu sanar da ɓarna ne, abu uku ke tashe su: yanka ko matsa mai tsanani, zafin wuta da ya haura digiri 43 ko kusa da haka, da sinadaran da nama ke saki idan ya ji rauni. Da sun tashi sai su aika ɗan saƙon lantarki, ya bi jijiyar zuwa laka, daga laka ya hau ƙwaƙwalwa. A can ne saƙon ke zama abin da muke kira zafi. Hanyoyin kai shi biyu ne. Ɗaya tana gudun mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa, ɗayar ba ta wuce mita 2. Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe da dutse a lungunan Birni ya san su biyun: da farko tsinin zafi kamar walƙiya, sai ɗan shiru, sannan raɗaɗin da ke sa mutum ya zauna ya riƙe ƙafa. Allurar da likita ke yi kafin ɗinki ba ta hana nama yankuwa, hanyar saƙon take toshewa. Ita kanta ƙwaƙwalwa, mai fassara zafin, ba ta da irin waɗannan bakuna a namanta, shi ya sa akwai tiyatar da ake yi mata mutum na farke yana amsa tambaya.

To gashin da ya fito waje da bakin farce ba su da waɗannan bakuna, ko guda. Abin tambaya shi ne yadda jiki mai rai yake ƙera abin da ba ya ji, kuma ya bar shi manne da shi.

Kowane silin gashin kai daga rami yake fitowa, mai zurfin milimita 3 zuwa 4 cikin fata. A gindin ramin akwai ɗan kumburi kamar ƙaramar albasa, a cikinsa kuma wani ɗan tsiron nama mai ƙananan jijiyoyin jini, shi ke kawo abinci. Ƙwayoyin halittar da ke kewaye da tsiron suna cikin mafiya saurin hayayyafa a jikin mutum. Wannan ne ya sa wasu magungunan kansa, da aka yi su don kashe ƙwayoyi masu saurin yaɗuwa, suke zubar da gashi. Sabbin ƙwayoyi suna tura tsofaffi sama. Suna hawa suna cika da wani furotin mai tauri da ake kira keratin, cibiyarsu ta narke, ruwansu ya tsane, su bushe su manne da juna. Kafin su yi nisan milimita ɗaya ko ɗan fiye daga albasar, aikin ya ƙare. Wato gashi tun yana ƙarƙashin fata ya mutu, abin da ido ke gani gawa ce jerarriya.

Wanda ya taɓa kallon mai murza taliya ya ga misalin. Kwaɓin daga baya ake tura shi, silin yana fitowa ta gaba. Ka yanke bakin silin, injin bai san an yi ba, bai ƙara sauri ba, bai ƙara kauri ba. Wannan ya isa amsa ga samarin da ke kankare haɓa kullum don gemu ya yi kauri. Tun a 1928 wata masaniyar ƙirar jiki a Amurka, Mildred Trotter, ta auna gashin gemun da ake askewa a kai a kai, ta tarar aski bai sauya kaurinsa ko launinsa ko saurin fitowarsa ba. Abin da ke ruɗin ido shi ne, gashin da ba a taɓa yankewa ba bakinsa siriri ne, wanda aska ta datse kuwa bakinsa guntulalle ne, sai ya yi kaushi a hannu. Mutuwar nan kuma ita ta sa gashi ba ya warkewa. Bakin da ya tsage ya tsage ke nan, duk man da aka shafa liƙe shi kawai yake yi na ɗan lokaci, maganinsa almakashi.

Taurin keratin daga farar wuta yake. Kusan kashi 5 cikin 100 na nauyin gashi ita ce, kuma ita ke ƙulla zaruruwan furotin ɗin da juna kamar tsanin tsani. Ƙaurin da ke cika unguwa ranar layya idan ana babbakar kawuna da ƙafafu, warin wannan farar wutar ce tana ƙonewa. Majeman garin nan sun daɗe da sanin abin da ke karya lagonsa, ko da ba da wannan suna ba: fata ta kwana cikin ruwan toka, gashi ya saki, a kankare shi cikin sauƙi kafin a kai ga bagaruwa. Man da mata ke shafawa don gashi ya miƙe ɗan gidan ruwan tokar ne, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa. Yana tsinka waɗancan ƙulle-ƙullen gashin bai ji komai ba, amma fatar kai tana ji. In aka wuce mintocin da aka rubuta a jikin kwali, ko aka shafa a kan da aka sosa ko aka tsefe da ƙarfi a ranar, ƙuna ce ta gaske, wani lokaci har da tabon da gashi ba ya sake fita a kansa.

Gashin kai ya kai sili 100,000, yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata. Namu na baƙar fata ya ɗan fi jinkiri, wajen milimita 8, kuma nannaɗewarsa na ɓoye tsawon.

Sai dai gashi, duk da mutuwarsa, ɗan aike ne. Ramin da ya fito daga ciki naɗe yake da bakunan jijiyar ji kamar zobe. Sili ya ɗan karkata, gindinsa ya motsa, zoben ya sanar. Da haka ne kake jin tururuwa na tafiya a damtsenka tun ba ta cije ka ba, da haka gashin ido ke sa ka ƙifta kafin ƙura ta shiga. Akwai kuma wata 'yar tsoka manne da kowane rami, ita ce ke miƙar da gashi idan tsikar jiki ta tashi. Saboda haka yanka daban, tsiga daban. Mai yanka ya tsaya a kan gawa. Mai tsiga ya fizgo albasar daga kan tsironta, ya yaga nama mai rai, shi ya sa wani lokaci har ɗigon jini ke biyowa.

To me ya sa gashin da ke biyo mataji ba ya zafi? Domin kowane rami yana da zango. Yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana fitar da gashi, sannan cikin mako 2 zuwa 3 albasar ta tsuke ta rabu da tsironta, ramin ya huta kamar wata 3. A wannan hutun silin a saye kawai yake, gindinsa ya zama ɗan farin dunƙule busasshe. Sili 50 zuwa 100 ke faɗuwa haka kowace rana. Haihuwa ko zazzaɓi mai tsanani, irin na taifot, kan tura ramuka da yawa hutu lokaci guda, sai bayan wata 2 ko 3 a ga gashi na zuba da yawa. Mai jego ta tsorata, a ce mata maita ce ko sammu, alhali galibi yana dawowa da kansa. Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan garin nan, sun yi wannan rarrabewar tun da daɗewa ta tasu hanyar: gashi da ulun mushe suna da tsarki in sausaye su aka yi, domin rai ba ya zama a cikinsu, amma in tsige su aka yi, gindin da ya biyo yana da hukuncin naman.

Yanzu ga karin maganar da kowa ya sani: aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. In gashi ba ya ji, zafin daga ina? Daga abubuwa uku da ke haɗuwa a ƙarshen aiki, kuma babu ɗayansu da ya shafi yankan silin.

Na farko kaifin aska. Ana ganin kamar gashi ba zai iya da ƙarfe ba, tunda ƙarfen reza ya fi shi tauri kusan sau 50. Amma a 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun ɗauki hoton bakin reza da na'urar ƙara girma yayin da take yankan gashi, suka ga silin yana lanƙwashewa ya danni bakin ta gefe, yana ɓantare shi kaɗan-kaɗan. Askar da ta taso daga ƙeya ta ci dubban silla kafin ta iso goshi. Bakin da ya dakushe ba ya datse sili nan take, sai ya kama shi ya ja kafin ya tsinke, jan kuwa gindi yake isa. Shi ne abin da mai aski ke nufi in ya yamutsa fuska ya ce wa wanzami, "Baba, askar nan tana tsiga." Gogaggen wanzami ba ya jiran a faɗa masa, yana tsakiyar aiki zai tsaya ya wasa ta.

Na biyu ruwa. Busasshen gashi yana da tauri ƙwarai, amma in ya sha ruwa na minti 2 zuwa 3, ƙarfin da ake bukata a yanke shi yana raguwa da fiye da rabi. Ruwan ɗumi ya fi saurin shiga, sabulu kuma yana wanke maiƙon da ke hana shi shiga, ya sa aska ta zame. A iskar Damagaram, musamman daga Disamba zuwa Maris, kan da aka jiƙa a farkon aski ya bushe tun ba a kai rabi ba. In ba a sake jiƙawa ba, goshi a bushe zai karɓi aska.

Na uku wurin kansa. Fatar goshi da fuska ta fi ta ƙeya yawan bakunan ji, ga ta shimfiɗe a kan ƙashi babu wani matashi a tsakani, ga gashin bakin goshi a kwance yake fita, wani wurin ma a murɗe. Kuma aska ba gashi kaɗai take ɗauka ba. Saman fatar mutum shi ma mataccen keratin ne, amma a fuska da kai siriri ne ainun, bai kai kaurin takarda ba. Kowane bi na aska yana kwashe wani abu daga cikinsa. Bi ɗaya ko biyu ba komai. In aka yi ta maimaitawa an kusa isa inda bakunan suke, shi ne raɗaɗin da ake ji in an shafa alkol ko turare bayan aski. A diddige kuwa mataccen saman nan ya yi kauri har ana goge kaushi da dutse ba a ji, sai faso ya tsage ya kai ga nama.

Matsalar da ta fi damun masu gyaran fuska a nan ita ce ƙurajen aski, kuma siffar gashinmu ce ke jawo su. Silin nannaɗaɗɗe ne, ramin da ya fito ma a lanƙwashe yake. In aka ja fata aka aske shi ƙasa-ƙasa, ko aka bi shi ta inda ya saba wa kwanciyarsa, guntun da ya rage yana komawa cikin rami da baki mai tsini kamar fiƙaƙƙen tsinke. Yana girma sai ya huda bangon ramin, ko ya fito ya lanƙwaso ya soki fata. Jiki ya ɗauke shi kamar ƙaya, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Mataccen abu ne ya soki mai rai. Maganin farko a bar aski mako 3 zuwa 4 har sillan su fito da kansu. Bayan haka a riƙa bin kwanciyar gashi, kada a ja fata, kada a maimaita bi, ko a koma injin aski a bar kamar milimita 1. A ƙeya abin ya fi muni, don ƙurajen can kan haɗe su zama tabo mai tudu da ba ya bajewa. Wanda ya ga sun fara masa ya hana a riƙa kankare masa layin ƙeya da reza, ya nemi likitan fata tun suna ƙanana.

Kitso ma a nan ya shigo. Zafinsa duka na gindi ne. Kitson da ya hana mace barci a daren farko, ko ya tayar da 'yan ƙuraje a bakin goshi, ya yi tsauri, ko da makitsiya ta ce haka ake yi don ya daɗe. Shekaru ana ja, ramukan gaban goshi da na gefen kunne su gaji su toshe da tabo. A farko gashin yana dawowa in an sassauta. In ramin ya mutu, babu man da zai tayar da shi.

Farce, wanda wasu ke cewa akaifa wasu ƙumba, hanyarsa ɗaya da gashi, siffa ce ta bambanta. Nasa wurin haihuwar yana ɓoye ƙarƙashin fatar gindin yatsa, ɗan abin da ke leƙowa daga cikinsa shi ne farin nan mai kama da jinjirin wata, wanda ya fi bayyana a babban yatsa. Daga nan ƙwayoyi ke cika da keratin, su baje su mutu, su manne su zama faranti mai kaurin kusan rabin milimita a hannu, milimita 1 ko fiye a babban yatsan ƙafa. Farantin yana zamewa gaba a kan wata shimfiɗa ta nama mai cike da jini da jijiyoyin ji, yana manne da ita gam. Jan da kake gani a farce ba launinsa ba ne, jinin shimfiɗar ne ke haskowa. Danna ka gani, zai yi fari, ka saki ya dawo. Inda farantin ya rabu da shimfiɗar ya zama fari, nan ne iyaka. Duk abin da ke gabanta na almakashi ne.

Matan da ke ƙunshi suna da ma'aunin girman farce a hannunsu. Launin lalle keratin yake kamawa. A tafin hannu yana gushewa cikin mako 2 zuwa 3 saboda saman fata na zubewa, a farce kuwa ba ya gushewa, tafiya yake yi. Bayan wata guda za a ga fili fari na kusan milimita 3 a gindi. Farcen hannu yana sabuntuwa gaba ɗaya cikin wata 4 zuwa 6, na babban yatsan ƙafa sai ya ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, domin saurinsa bai kai rabin na hannu ba. Wani likita ɗan Amurka, William Bean, ya yi shekara 35 yana yi wa farcen babban yatsansa alama yana aunawa. Yana ɗan shekara 32 farcen na ƙaruwa da milimita 0.123 a rana, da ya kai 67 ya koma 0.095. Hadisin Anas da Muslim ya ruwaito ya sa iyakar kwana 40 ga barin farce da gashin baki da na hammata da na mara. A lissafin nan, kwana 40 ya ba farcen hannu kusan milimita 4, daidai inda datti ke fara samun ɗaki. Ciwo mai tsanani kuma yakan tsayar da haihuwar farce na 'yan kwanaki, sai daga baya a ga kwari ya gitta dukkan farata a layi ɗaya. Likitan Faransa Joseph Beau ne ya bayyana shi a 1846. In kwarin yana tsakiyar farcen hannu, ciwon ya yi kamar wata 2 zuwa 3 da wucewa.

Akwai wata hikima a saƙar farantin. Zaruruwan da ke tsakiyarsa a gicciye suke kwance, daga gefe zuwa gefe. Saboda haka in farce ya fara yagewa, yagewar takan bi gicciye ta fita ta ɗaya gefen maimakon ta nufi gindi. Amma wannan sai yana da danshi daidai. Busasshen farce, irin na hunturu ko na mai yawan wanki da omo, tsagewa yake yi ta inda ya ga dama. Don haka a yanke shi bayan wanka, ko a jiƙa minti 5, na ƙafa mai kauri minti 10. A bar farin baki kamar milimita 1. Na hannu a bi lanƙwasar yatsa, na ƙafa a yanke shi a miƙe, kusurwoyin su zauna a kan fata.

A wannan kusurwar ne masu yankan farce suka fi yin ɓarna, da kyakkyawar niyya kuwa. Don aiki ya yi kyau sai su zurfafa gefen babban yatsan ƙafa, su ƙwaƙule da tsinin almakashi. Wani ɗan tsinin farce ya rage a can ciki inda ido bai kai ba. Bayan mako biyu ko uku ya girma ya nutse cikin nama, takalmi ya ƙara danna shi, wurin ya kumbura ya fara ruwa. Haka fatar nan siririya da ta rufe gindin farce: murfi ce da ke hana ƙwayoyin cuta isa wurin haihuwarsa, kankare ta buɗe ƙofa ne. Sai 'yar fatar da ke tashi a gefen farce, wadda Bahaushe ya raɗa wa suna ɗan'uba, kuma wanda ya sa sunan ya san zaman gidan yawa. Bakinta matacce ne, gindinta mai rai. A datse ta da almakashi a shafa man kaɗe. Mai fizge ta da haƙori yana yage har cikin nama, daga nan ɗan karkare ke samun hanya. Zafin karkare ya yi suna ne saboda tsokar kan yatsa a rarrabe take cikin 'yan ɗakuna matsattsu, ga bakunan ji sun fi yawa a nan. Mugunya ta taru babu wurin buɗawa, kowane bugun zuciya sai ya matsa jijiya. In yatsa ya kai ga zogi mai hana barci, ya wuce ruwan ɗumi da gishiri, sai an tsaga a gidan likita.

Irin wannan matsi ne ke faruwa in ƙofa ta datse yatsa, ko ɗan kabu-kabu ya daki ƙarfe da babban yatsa. Jini ya taru tsakanin faranti da shimfiɗa, farcen ya yi baƙi. Abin da likita ke yi yana nuna duk zancen da muke yi: cikin kwana biyun farko yakan huda farantin da allura mai tsabta, galibi ba tare da kashe zafi ba, jinin ya fito, mai ciwo ya yi ajiyar zuciya. Hudar ba ta zafi, tunda ta cikin matacce ta bi.

Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa shi ne ya fi kowa haɗari, don ƙararrawar da za ta ce masa an wuce iyaka ta lalace. Kada reza ta kusanci ƙafarsa. A yanke masa da rana, wani mai gani sosai ya yi, a duba tsakanin yatsu bayan an gama. Farcen jariri kuma laushi gare shi, manne da tsoka, a yanke yana barci, ana danna tsokar yatsan baya.

Masu dabbobi sun san wannan iyaka da hannu. Kofaton dawakin da ke hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram farce ne babba, ana fere shi doki na tsaye, amma wuƙa ta zarce kaɗan ya yi ɗingishi. Ƙahon sa kube ne na keratin a kan ƙashi mai jini. Tsininsa ana iya ragewa, in aka sauko ƙasa jini ya yi tsartuwa. Ƙahon da ke cikin zabirar wanzami wannan kuben ne bayan an zare ƙashin.

Rashin zafin nan yana da wani sharri guda, shi ne yana sa a raina ƙaramin yanka. Kankarar aska a ƙeya da ba a ji ba, ko ɗan jinin gefen farce da aka goge da tsumma, ya isa hanya. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa aƙalla kwana 7 cikin busasshen jinin da ido ba ya gani a bakin ƙarfe. Babban mutum in ya kamu, galibi jikinsa na kore ta, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaune musu. Jariri kuwa kusan 9 cikin 10 take zama musu har girma, ga shi allurar Penta da ke ɗauke da rigakafinta sai a mako na 6 ake fara ta, askin suna kuwa a kwana na 7 ne. Makero ma ta bakin inji da mataji yake zagaya kawunan yara. Gilma wutar ashana ko ta leta a bakin inji na daƙiƙa biyu, yadda ake yi a shagunan aski, ya fi kwantar da hankalin mai kallo a kan kashe cuta.

Abin da ke aiki sananne ne. Reza sabuwa ga kowane kai, a buɗe ta a gaban mai ita, a jefa ta cikin gwangwani mai murfi bayan an gama. Aska da almakashi kuwa a fara wanke su da sabulu da buroshi, domin maiƙo da guntun gashi suna kare ƙwayoyin daga kowane magani. Sannan a tafasa su minti 20, a fara ƙirga daga lokacin da ruwa ya tafaso, ko a tsoma su minti 10 cikin ruwan Javel, wato bilic, da aka sirka. In ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalbar digiri 12 ne, awo 1 na Javel ga awo 6 na ruwa. In mai digiri 8 ce, awo 1 ga awo 4. Haɗin na yini ɗaya ne, rana da zafi suna kashe ƙarfinsa, gobe sai sabo. Javel yana cin ƙarfe, don haka minti goman na cika a ciro askar, a ɗauraye da ruwan da aka tafasa, a tsane ta sarai kafin ta koma zabira.